Makullin Tsoho

Asabar, da yamma

An ba ni makulli! Bari in sake rubutawa in gani da idona: an ba ni makulli.

Baba ya ce in kawo ya taɓa, sai da na yi masa bayani cewa ba na ƙofa ba ne. Izini ne na shigar da gyara cikin rumbun manhajarmu, wato inda ainihin aikin yake zaune. Kowa a duniya yana iya ɗaukar manhajar kyauta, ya buɗe cikinta, ya turo gyara. Amma shigar da gyaran sai mai makulli, kuma masu makulli ba su cika yatsun hannu ɗaya ba. Yau na shiga cikinsu, ni malamar lissafi da ta zo ƙungiyar nan ba ta san komai ba sai kunna kwamfuta da kashewa.

A ɗakinmu na saman shagon gyaran waya aka yi, fanka tana rangaji kamar kullum, kowa na rigimar ramin caji ɗaya da ke aiki. Tsoho ne ya sanar. Bai tsufa ba, shi ya kafa ƙungiyar, shi ya sa sunan ya bi shi. Shi ya koya mini komai, tun ina ɓata masa aiki yana dafe kai. Ya ce, "Ɗaliba, faɗi dokar." Na ce, "Ido biyu, Malam." Aka tafa. Dokar ita ce ba mai shigar da aikin kansa, sai wani ya duba ya sa hannu. Shi ya rubuta ta da kansa.

Sun kuma jefa ni kwamitin ƙorafi, tare da Lauya da Kawu. Lauya ba lauya ba ne, musu ne ya ja masa sunan. Kawu tsohon injiniyan tarho ne, yana zuwa taro ya yi gyangyaɗi. Tun da aka kafa kwamitin ba a taɓa kawo ƙorafi ba, don haka na karɓa ina dariya.

Lahadi, da safe

Na farka wayar Baba tana karanta masa labarai. Abin da manhajarmu ke yi ke nan, tana karanta wa masu matsalar ido rubutun waya da harshenmu. Muryar da ke ciki ta Tsoho ce, shi ya zauna ya naɗe ta tun farko. Tun da idon Baba ya rufe, muryar nan ce ke fara yi masa magana kafin ni. Yana ce mata "abokina". Mun sa shi cikin masu gwaji, duk saƙon ƙungiya yana faɗowa wayarsa, kuma ba abin da ke wuce shi.

Yau ya ce, "Uwata, abokina ya ce an ba ki makulli, to gidan nan ma a riƙa kulle shi da wuri." Na yi dariya har shayi ya sarƙe ni.

Talata, bayan tashi daga makaranta

Na ji sabuwar muryar! Kai, kai, kai.

Nas ce ta naɗe ta. Ma'aikaciyar jinya ce, bara ta shigo cikinmu, ba ta da yawan magana. Ashe duk watannin nan in ta sauko daga aiki sai ta shige cikin durowar kaya da bargo a ka, don kada ƙarar titi ta shiga, ta yi ta karanta jimloli. Ba muryar kaɗai ba, har ɓangaren da zai ba mutum damar zaɓar muryar da yake so ita ta rubuta shi. Muryar a natse take, kamar mai ce maka allurar ba zafi kuma ka yarda.

Ƙarshen wata za mu saki sabon zubi da murya biyu. Na kasa zama. Na gyara jarabawar aji biyu a tsaye.

Alhamis, da rana

Saƙo ya shigo akwatin kwamitin ƙorafi. Na ɗauka talla ce.

Alhamis, da yamma

Daga Nas ne. A kan Tsoho.

Na karanta, na rufe, na wanke kwanukan da na riga na wanke, na dawo na sake karantawa. Ɓangare biyu ne. Na farko zan iya rubuta shi, tunda duk mai ido zai gani a tarihin rumbu: aikinta na zaɓar murya an dunƙule shi an shigar da sunan Tsoho, nata sunan babu. Kuma shi ya shigar da kansa, ba wanda ya duba. Na je na leƙa da kaina har sau nawa, ko zan ga kuskure ne na na'ura. Ba kuskuren na'ura ba ne.

Na biyu shi ne abin da ya riƙa rubuta mata ita kaɗai bayan ta tambaye shi dalili. Ta turo hotunan saƙonnin. Ta roƙi kada su fita daga hannun mu uku. Na yi mata alkawari, don haka ko a nan ba zan rubuta ba. Abin da zan ce kawai, na san yadda yake zuba kalmominsa, kuma nasa ne.

Komai zai daidaita. Manya ne duka.

Juma'a, da hantsi

Mun yi waya mu uku. Lauya sai rawar kai yake, wai ga shari'a ta farko, har ya zana matakai. Kawu ya ce, "'Ya'yan nan, ku bi a hankali, mutane ne ba wayoyi ba." Mun tsayar: za mu ji Nas, mu ji Tsoho, a rufe, sannan mu yanke. Lauya ya ce shi zai tsara ranaku.

Gaskiya akwai wani ɓangare na zuciyata da ke zumuɗi, kuma ina jin kunyarsa. Ina ganin za mu yi abin daidai, tsaf, har wasu ƙungiyoyi su zo koyo wurinmu.

Asabar, da sassafe

Ina soya ƙwai, Baba yana falo, sai na ji muryar Tsoho daga wayarsa, a natse, kamar mai karanta hasashen yanayi: "Sabon aiki a allo. Ƙorafin Nas a kan Tsoho. Wanda zai kula, kwamiti."

Cokali ya faɗi daga hannuna.

Lauya! Mu a ƙungiyar nan komai a fili muke yi, abin alfaharinmu ke nan. Ko kwan fitila za a canza a ɗakin taro sai an buɗe masa shafi a allon aiki, inda kowa ke gani, saƙo ya tafi wa kowa. Hannunsa ya saba. Zai tsara ranaku, sai ya buɗe shafi kamar yadda yake buɗe wa kowace matsala, da sunanta da komai. Allah ya taimaka bai liƙa hotunan ba. Na kira shi ina ihu, ya goge nan take, amma saƙo ya riga ya shiga wayar duk wanda ya taɓa rajista da mu.

Baba ya ce, "Uwata, abokina ne ya kai ƙarar kansa?" Ƙwan ya ƙone.

Asabar, da yamma

Ba a yi taro ba. Wayata ta yi zafi kamar dutsen guga.

Litinin, lokacin hutun tara

Zauren hirarmu na waya ya dare biyu. Masu cewa Tsoho ne ƙungiyar, in babu shi a rufe shago. Masu cewa dama an daɗe ana haƙuri da bakinsa. Wani da bai taɓa turo ko waƙafi ba ya rubuta dogon jawabi a kan 'yancin faɗin albarkacin baki. Wani ya ce mata ne ba sa jure gyara. Na rubuta masa amsa mai zafi, na goge, na sake rubutawa, na goge, sai ga ƙararrawa. Na shiga aji na koyar da darasin makon jiya ban sani ba, yaran suka bar ni har na kai rabi don mugunta.

Abin da ya fi ci mini rai, duk masu surutun nan ba wanda ya ga abin da na gani. Kuma ba zan iya nuna musu ba.

Nas ta fita daga zauren. Tsoho bai ce ƙala ba.

Komai zai daidaita.

Laraba, da rana

Na je asibitin da Nas take aiki lokacin hutunta. Mun zauna a benci bayan ɗakin magani, tana cin biskit daga aljihun rigar aiki. Na shirya jawabi tun a mota, ina ganinta ya gudu.

Na ce, "Ƙawata, mun yi miki laifi."

Ta ce, "Kun yi." Ba ta sassauta mini ba ko kaɗan. "Na kawo muku magana a rufe, kun rataye ta a kasuwa. Jiya wani ya turo mini saƙo wai ni ce zan rusa aikin makafi."

Na ce me take so a yi. Na ɗauka za ta ce a kore shi. Ta karkaɗe hannunta ta ce, "Ni ban ce a kori kowa ba. Sunana nake so a mayar kan aikina. Ya daina rubuto mini. Ya kuma faɗa a gaban mutane cewa ya yi, tunda yanzu a gaban mutane ake ce mini maƙaryaciya."

Na tambaye ta muryar fa, ko za ta janye. Ta harare ni. "Kin san zafin da na sha a durowar nan? Ko ku duka kun watse muryata tana nan."

Wallahi na fito asibitin kamar in yi tsalle. Matar nan ƙarfe ce. A mota na tuna jibi za mu zauna da Tsoho, murnar ta koma ciki.

Alhamis, da safe

Lauya ya ba da haƙuri a zaure, gajere, ba musu ko ɗaya. Ban taɓa ganin haka ba. Ya kira Nas ma. Mun sa sabuwar ƙa'ida: maganar ƙorafi ba ta hawa allo, ko da ranar taro ce kawai.

Juma'a, da yamma

Tsoho ya zo. Ya riga mu ma, yana zaune a kujerarsa ta kusa da taga, ya kashe fanka don ya san tana damun Kawu. Ya gaishe ni, "Ɗaliba," kamar ba komai.

Kawu ya karanta masa ɓangaren farko. Bai musa ba. Ya ce aikin nata a warwatse yake, shi ya tattara ya gyara don a yi sauri, suna kuma ai ba komai ba ne a aikin sa-kai. Ya ce shekara nawa yana kwana a kan manhajar nan lokacin da babu kowa. Gaskiya ne, ya yi. Lauya ya fara kawo sashe kaza na ƙa'ida, Tsoho ya yi murmushi ya ce, "Ni na rubuta sashen, ƙanena."

Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba. Na ce, "Malam, wa ya zama ido na biyu?"

Ya juyo ya dube ni. Na ce, "Ranar da ka shigar da aikin. Wa ya duba ya sa hannu?"

Ana jin mai gyaran waya a ƙasa yana ciniki da wata mata a kan gilashi. Tsoho ya ce, "Ke ma?" Iyakar abin da ya ce ke nan.

Kawu ya tura masa wayarsa da hotunan saƙonnin. Ya karanta na farko, ya kife wayar a tebur. Ba zan rubuta abin da ke ciki ba. Zan dai rubuta cewa idanunsa sun yi ja, kuma bai ce ba shi ba ne.

Da ya fita bai ce mini sai an jima ba.

Asabar, da rana

Mun yanke. A mayar da sunan Nas kan aikinta. Kada ya sake rubuta mata a keɓe. Ya ba da haƙuri a fili. A karɓe makullinsa wata uku. Yana iya turo gyara kamar kowa, ya bi layi, a duba masa.

Sai aka zo wa zai cire makullin. Kawu ba shi da izinin, Lauya ma haka. Ni ce mai makulli a kwamitin. Mako biyu da ba ni, aikin farko da zan yi da shi ke nan.

Na buɗe kwamfuta. Na ce, "Kawu, zo ka tsaya. Ido biyu." Ya jawo kujera, ya sa tabarau, ya karanta sunan da kyau, ya ce, "Shi ne. Danna, 'yata." Na danna. Ko ƙara babu, layi ɗaya ne ya ɓace daga jeri.

Na sauko na tsaya bakin titi, motoci uku na unguwarmu suka wuce ban tsayar ba.

Lahadi, da safe

Tsoho ya turo wa kwamiti layi ɗaya: "Ku cire muryata daga manhajarku."

Manhajarku!

Lauya ya ce ba zai yiwu ba, tun farko shi ya sake ta kyauta ga duniya, lasisin ba ya komawa baya, kuma shi ya zaɓi lasisin. Daidai ne, amma ban ji daɗin daidai ɗin ba.

Na gaya wa Baba abin da zan iya gaya masa. Ya daɗe yana shafa bayan wayar. Ya ce, "Ya yi laifin?" Na ce ya yi. Ya ce, "Ke kika hukunta shi?" Na ce har da ni. Ya ce, "To." Can kuma ya ce, "Amma kada ku taɓa mini abokina. Shi wannan na cikin wayar bai yi wa kowa komai ba."

Talata

Shiru daga wajensa. Mutum biyu sun fita daga ƙungiya. Ɗaya ya ce zai kwafi rumbun ya kafa tasa, kuma yana da 'yancin yi.

Laraba, da yamma

Nas ta dawo zaure! Ba jawabi, ba komai, sai kawai ta turo gyaran yadda muryarta ke faɗin lambobin waya. Na ga sunanta a tarihin rumbu, a kan aikinta, na ɗauki hoto kamar wata 'yar ƙauye. Aiki ya tashi haiƙan. Kawu bai yi gyangyaɗi ba ko sau ɗaya. Saura kwana kaɗan mu saki. Za mu iya, wallahi za mu iya!

Na sa wa Baba zubin gwaji. Ya saurari sabuwar muryar ya ce, "Wannan 'yar gidan mutunci ce." Ya ce zai riƙa jin labarai da abokinsa, saƙonni kuma da ita, don kada wani ya ji haushi.

Alhamis, da safe

Baba ya gano matsala. Ƙanwarsa ta turo masa dogon saƙo, irin nata mai gaishe da kowa har da kaji, muryar ta kai tsakiya ta ɗauke ɗif. Ya sake, ta sake ɗaukewa. Na gwada da ɗayar muryar, haka. Duk saƙon da ya yi tsawo sai ya katse, a tsofaffin wayoyi irin tasa, kuma yawancin mutanenmu irinsu suke riƙewa.

Na bi sawu har na kai inda abin yake. Can cikin tsohon ɓangaren ne, wanda Tsoho ya rubuta shi kaɗai tun kafin a san mu. Na buɗe na karanta har idona ya yi yaji, kamar an ba ni wasiƙa da harshen da ban iya ba. Na sa a allo. Wannan kam na allo ne.

Juma'a, bayan tashi

Mu huɗu mun taru a kai, mun gyara wuri ɗaya wani ya ɓalle. Lauya ya ce a ɗaga ranar saki. Wani ya rubuta a zaure, "Ga irinta nan, kun kori mai gida." Na ɗauki waya zan kira Tsoho, na kai har kan sunansa, na ajiye. In na roƙe shi yau, gobe da wane baki zan ce masa hukuncin yana nan?

Komai zai... ban sani ba.

Asabar, da sassafe

Gyara ya shigo layi. Daga shi!

Ba gaisuwa, ba bayani, sai kan magana: "Gyaran katsewar dogon saƙo." Yana zaune a layin jira, ƙarƙashin na wani sabon shiga da ya gyara rubutun maɓalli. Tsoho a layi! Na yi ihu har Baba ya ce ko ɓera ne.

Sai na duba jadawalin masu dubawa na wannan makon. Nas ce.

Na kira ta. Na ce, "Ƙawata, ba dole ba ne. Ni zan duba in shigar, ba wanda zai ce komai." Ina faɗa ina jin yadda maganar take fita, wato in tsallake jadawali don a yi sauri. Ita ma ta ji. Ta ce, "Makon waye?" Na ce nata. Ta ce, "To a bar mini. Sai na sauko daga aiki."

Sai ta sauko daga aiki! Na share gidan nan har bayan firji.

Asabar, da yamma

Ta duba. Ta mayar masa!

Ga abin da ta rubuta, a fili, inda kowa ke gani: "Sannu da aiki. Gyaran ya magance katsewar, na gwada a waya biyu. Sai dai in saƙo ya ƙare da lamba, lambar ƙarshe tana faɗuwa. A duba wajen." Ba zagi, ba habaici, ba kuma lallashi. Na gwada, gaskiyarta ne.

Na tabbata kowa a zauren yana riƙe da waya kamar ni. Na ce shi ke nan, zai janye gyaran ya tafi, mu kwana a ciki. Na dafa shayi na manta ban sa ganye ba, na miƙa wa Baba ruwan zafi da sukari, ya sha ya ce ya ji ana yayin haka.

Kafin rana ta faɗi ya sake turowa. Ya gyara. A ƙasa ya rubuta, "An gyara. A sake dubawa." Ta duba, ta sa hannu. Ni na shigar, da makullina, da sunansa a kan aikinsa.

Na zauna a ƙasan ɗaki na yi kuka, ban san na mene ne ba.

Litinin, da rana

MUN SAKI!

Murya biyu! A ɗakin malamai na ga saƙon, na daka tsalle, mataimakin shugaban makaranta ya leƙo ya ce lafiya. Na ce lafiya lau, ranka ya daɗe. Saƙonni sai shigowa suke. Wata mata ta rubuto wai mahaifiyarta ta ƙi yarda ba mutum ba ne a cikin wayar, har tana yi wa muryar Nas sannu da aiki. Na tura wa Nas, ta maido mini da fuskar dariya guda ɗaya. A wajenta wannan biki ne.

Da yamma mun haɗu a ɗakin sama, an sayo lemo. Kujerar kusa da taga ba wanda ya zauna a kai. Ba wanda ya ce kada a zauna, haka kawai aka riƙa zagaye ta.

Haƙurin da aka ce Tsoho ya bayar har yanzu shiru. Lauya ya ce in wata ukun suka cika bai bayar ba, makulli ba zai koma ba. Na san haka ne. Ni ce ma zan ƙi mayarwa, kuma tunanin yana hana ni cin abinci.

Laraba, da safe

Ina ɗaura ɗankwali zan fita, wayar Baba ta yi ƙara a falo. Saƙon ƙungiya. Saƙonni kuwa da muryar Nas yake jin su.

Sai na ji ta fara, a natse: "Daga Tsoho, zuwa ga kowa."

Na tsaya da ɗankwali a hannu.

Dogo ne. Ba shi da daɗi, a sandare yake, ka san an rubuta an goge an sake rubutawa. Ya ce ya ɗauki aikin da ba nasa ba ya sa sunansa. Ya ce ya karya dokar da shi ya kafa. Ya ce ya rubuta wa abokiyar aiki maganganun da bai kamata ba, ba zai maimaita su ba, amma duk wanda ya ce ta yi ƙarya shi ne bai san komai ba. Ya ce wanda zai fita daga ƙungiya saboda shi ya dawo ya zauna. Duk wannan da muryarta yake fitowa, kalma bayan kalma, a falonmu, tsakanin rediyon Baba da kofin shayinsa.

A ƙarshe ya gode wa kwamiti. Ya ce Kawu, ya ce Lauya, ya ce Malama. Ba Ɗaliba ba. Malama. Ban san ko girmamawa ce ko sallama ba, kuma kalmar tana sukana har yanzu.

Nas ta amsa a zaure da kalma biyu: "Na gani." Ba ta ce ta yafe ba, kuma ba wanda zai sa ta.

Muryar ta kai ƙarshe ta yi shiru. Baba yana riƙe da wayar kusa da kunne, kansa a sunkuye. Na ce, "Baba, ka ji?"

Ya ce, "Na ji, Uwata. Har ƙarshe. Bai katse ba."

Na makara a makaranta.